Naira dubu a wata don sanin halin iska: abin da na gani a hunturu biyu

Sana'ata harawa. Ina taɓa noman shinkafa a fadama kamar kowa a nan, amma abin da ke riƙe da gidana shi ne harawar wake da ta gyaɗa da karan dawa. Da kaka nake saye lokacin da suke araha, in ɗaure, in jibge a kan rumfuna da cikin rassan itatuwa a bayan gari, in zauna jiran bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare a daji, masu kiwon raguna da masu shanun huɗa suka fara nema ido rufe. Garinmu yana ƙasar Jega, ba nisa da Gulbin Zamfara. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san jarinmu wata biyar yake kwana a fili, a bushe ƙayau, ba ƙofa ba kwaɗo. Ɓarawo in ya zo, dami biyu ko uku zai iya ɗauka. Wuta kuwa ko igiyar da ka yi ɗauri da ita ba ta bar maka.

Shi ya sa ranar da ƙanena ya ce mini akwai wani yaro ɗan yankinmu da ya buɗe zauren WhatsApp yana ba da hasashen yanayi musamman saboda wutar daji, ban tsaya dogon lissafi ba na biya. Naira dubu ɗaya ce a wata, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Hunturu biyu na yi a ciki, ga na uku ya kunno kai, kuma abokan sana'a a kasuwar Jega sun dame ni da tambayar ko kuɗin yana fita. Ga amsata, da zaƙinta da ɗacinta. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai inda zan faɗi gazawarsa, kuma yaron mutunci ne.

Kullum bayan sallar asuba, kafin ƙarfe 6:30, saƙon murya yake shigowa. Bai fi minti ɗaya da rabi ba, da Hausarmu ta nan. Tare da shi akwai hoto mai launi guda, ko kore, ko rawaya, ko ja. Ga wanda na ajiye na wata rana a Janairu: "Jama'a barkanmu da asuba. Yau ja ce. Iska daga arewa maso gabas, za ta tashi wajen ƙarfe 9, ta yi ƙarfi har azahar, tana iya kai kilomita 30 a awa. Laimar iska za ta sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100 da rana. Kada a sa wuta a gona, kada a ƙona shara. Mai aikin wuta ya bari sai jibi da yamma."

Labarin ƙasa ya karanta a jami'a, kuma abin da ya fara burge ni da shi bai taɓa cewa daga kansa yake ƙirƙiro wannan ba. Yakan faɗa ƙarara cewa yana ɗaukowa ne daga hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda ke fitar da hasashen kwana uku-uku da gargaɗin ƙura, ban da babban hasashen damina da take bayyanawa a farkon kowace shekara. Yana haɗawa da hasashen manyan kwamfutocin Turai da Amurka da kowa ke iya gani a waya, da kuma taswirar wuta ta hukumar NASA da ake kira FIRMS. Duk waɗannan kyauta suke. Abin da muke biyansa shi ne ya zauna ya duba su tun da duhu, ya tace, ya mayar mana da su magana ɗaya: yau a kyasta ashana ko kada a kyasta, kuma da ƙarfe nawa.

Da farko na ɗauka ba wani sabon abu zai gaya mini ba. Mutumin da leɓɓansa da dugadugansa suka tsattsage ba ya bukatar waya ta sanar da shi cewa gari ya bushe. Sai a hankali na gane ba bushewar yake sayarwa ba. Ya taɓa yi mana bayanin wata ƙa'ida da masu kashe gobarar daji suke amfani da ita a ƙasashe irin su Kanada: idan zafi ya haura digiri 30, laima ta faɗi ƙasa da kashi 30, iska ta wuce kilomita 30 a awa, to ranar wuta ba ta jin kira. A nan wajenmu kuwa, daga tsakiyar Disamba har Maris, kusan kowace azahar biyu daga cikin ukun suna nan zaune. Saura iska. Ita ce ke raba ranar da yara biyar za su kashe wuta da ganye, da ranar da gari guda zai tsaya yana kallo yana salati.

Iskar hunturu kuma tana da ɗabi'arta. Tana kwaso mana ƙura tun daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Da dare tana gudu ne can sama, nan ƙasa kuwa tsit. Rana na ɗagowa, ƙasa ta fara ɗumi, sai ta sauko mana. Shi ya sa da asuba za ka ga ko ganye ba ya motsi, hantsi na yi sai ka ga mutum na dafe hula. Wanda ya sa wuta da ƙarfe 7 yana ganin gari lafiya, ƙarfe 9 ne zai san abin da ya taro.

Wannan ne ya haɗa ni da Sarkin Noma a hunturun farko. Al'adarmu duk shekara mukan yi gayya mu yanke wa wuta hanya: a share layi biyu da fartanya kewaye da inda rumfunan harawa da tarin dawa suke, a bar faɗin kamar taku goma tsakani, a ƙone ciyawar da ke tsakiya, yadda in wuta ta taso daga daji za ta iso ta tarar ba abin ci. A shekarar mun makara, girbin shinkafa ya riƙe mu har ƙarshen Disamba. Aka sa ranar Alhamis da safe, mai shela ya zaga gari. Asubar Alhamis saƙo ya shigo ja. Na tafi ƙofar gidan Sarkin Noma da wayar a hannu, na durƙusa na gaishe shi, na kunna masa.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, mi waya tas sani ga wuta? Tun kakanninmu da sahe aka wanga aiki."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma a gafarce ni, su a farkon kaka suke yi, da sauran raɓa. Mu bana mun kai ƙarshen Disamba."

Bai amsa ba. Ya tashi ya nufi bakin gona, na bi shi. Ya shafa gamba da bayan hannu ya duba, ba ko ɗigon raɓa. Ya tsinko kara ɗaya ya lanƙwasa, ya karye ƙas. Ya tsinko wani, shi ma haka. Ya ɗan jima yana kallon gabas, sannan ya ce a gaya wa mai shela a ɗage. Wajen ƙarfe 9 da 'yan mintuna iska ta taso, irin wadda ke kwantar da zana, ta yi ta yi har bayan azahar. Ranar Asabar aka ba da rawaya da safe, kore da yamma. Muka fita bayan la'asar sakaliya, muka sa wutar daga gefen da iska ke nufa, yadda za ta riƙa ja da baya tana fuskantar iskar. Harshenta bai wuce gwiwa ba. Tafiya take kamar tsohuwa mai sanda, muna biye da rassan dogon yaro, kafin isha'i mun gama kewaye duka. Abin da na lura da shi ranar, ilimin Baba da na yaron ba su saɓa ba. Hannun Baba ya gaya masa yadda ciyawa take a lokacin. Wayar ta gaya mana yadda iska za ta kasance bayan awa uku, abin da hannu ba ya iya shafowa.

Inda kuɗina suka fita gaba ɗaya kuwa wani dare ne a Janairun bara. Wajen ƙarfe 2 aka buga mini ƙofa, wuta a saurar da ke arewa maso gabas da rumfunanmu, wurin da gamba ta fi mutum tsawo. Masu farautar gafiya ne suka sa wa rami hayaƙi suka tafi. Na kira yaron, ban sa ran zai ɗauka ba, ya ɗauka. Ya ce, "Kawu, ina hayaƙin ya nufa? Tsaye yake ko kwance?" Na ce tsaye. Ya ce in ba shi minti biyu. Da ya kira sai ya ce iska ba za ta tashi ba sai wajen 8:30 zuwa 9, muna da kamar awa shida. Ya ce mu fara da gefen kudu maso yamma, ko da nan ne wutar ta fi sanyi yanzu, domin da iska ta tashi nan ne zai zama kanta, kuma nan ne ya kalli harawar. Sai ya ƙara da abin da ban taɓa kawowa a raina ba: in mun kashe harshen kada mu koma gida, mu bi kashin shanu da kututture ɗaya bayan ɗaya, don su ne ke riƙe garwashi a ciki har safe.

Haka muka yi. Mutum ashirin da wani abu, da rassan dogon yaro da na sabara, da famfon feshin magani guda uku da muka wanke muka cika da ruwa, mata na kawo ruwa a jarka daga rijiyar bakin gari. Kafin kiran assalatu harshen ya mutu. Gari na wayewa muka shiga bin ƙunar. Ka ga kashin shanu a bushe, baƙi, kamar ba komai, ka juya shi da fartanya ka tarar da cikinsa jawur. Mun juya sun fi ɗari. Ƙarfe 9 saura kaɗan iska ta taso, wani kututturen kalgo da ya kuɓuce mana ya kama ci, tartsatsi na tashi yana faɗawa wajen ciyawar da ba ta ƙone ba. Yara biyu na tsaye kusa da famfo, suka kashe shi nan take. Da mun tafi mun kwanta da asuba kamar yadda muka saba, da wani labarin nake bayarwa.

Washegari mai hasashen ya ba mu labarin abin da ya faru a jihar Arizona ta Amurka ranar 30 ga Yuni, 2013, inda ma'aikatan kashe gobarar daji 19 suka rasu a rana ɗaya bayan iskar hadari ta juya wa wutar akala ta rutsa da su. Ya ce a can hukumar yanayi har ma'aikacinta take turawa ya tare a sansanin masu kashe wuta, aikinsa kawai ya riƙa sanar da su abin da iska za ta yi. Mu nan motar kwana-kwana tana birni, kuma ko ta zo ba hanyar da za ta bi ta ratsa gonaki. Mu ne 'yan kwana-kwanan kanmu, saboda haka samun wanda zai ce mana "kuna da awa shida" ba ƙaramin abu ba ne.

To amma akwai inda abin ya gaza, kuma ɗaya daga ciki ya ci mini dukiya.

A farkon Maris ɗin hunturun farko, ranar rawaya ce, an ce iska kaɗan, zafi mai yawa. Maƙwabcin gonata ya ga ba ja ba ce, ya tara karan sharar gona ya sa wuta da azahar. Ina zaune a inuwar rumfa na ga guguwa ta taso daga tsakiyar fili, ta bi ta kan wutar, ta ɗebi kara masu ci ta yi sama da su, ta tsallake hanyar da muka ƙone tun Disamba kamar ba a yi ta ba, ta zubar a kan rumfata ta ƙarshe. Dami sittin na harawar wake, wadda saura mako uku in kai kasuwa. Kafin a kawo ruwa sai toka da ginshiƙai. Da na kira yaron ya yi mini jaje ƙwarai, ya bayyana mini cewa guguwa ta fi son daidai irin wannan rana, zafi mai tsanani da iska mai rauni, kuma hasashen kwamfuta mafi kyau ma yana kallon ƙasa ne yanki-yanki na kusan kilomita 9, ba ya ganin abin da faɗinsa bai wuce ɗaki ba. Na yarda da bayanin. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ya san haka tun farko bai faɗa ba. Rawaya a kunnen manomi izini ce. Daga ranar ya gyara: da zarar bazara ta kama, kullum sai ya ce kowane launi aka bayar, ba a sa wuta tsakanin hantsi da la'asar. Gyara ne mai kyau, sai dai da harawata aka biya kuɗinsa.

Sai taswirar wuta, wadda ita ce ya fi tallatawa, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani a lokacin da ake cikin tashin hankali. Na'urar da ke hango wutar, VIIRS, tana kan taurarin ɗan'adam irin su Suomi NPP da aka harba a 2011. Kowane jan ɗigo a taswirar yana nufin fili mai faɗin mita 375. Tauraron yana ratsawa ta samanmu wajen 1:30 na rana da 1:30 na dare, kuma bayanin kan ɗauki har awa uku kafin ya fito. Wutar ciyawa kuwa cikin awa ɗaya ta gama abin da za ta yi. Sau da yawa ɗigon na shigowa waya muna wanke toka a fuska. Wata rana kuma ya turo ɗigo kusa da mu, muka tashi babur uku, muka tarar buntun shinkafa ne ake ƙonawa a bayan wani injin casa. Mai ya tafi a banza. Amfanin taswirar na gane shi ne daga baya, da ya haɗa mana ɗigon wata uku a hoto ɗaya. Sai ga shi fili, yawancin wutar da ke zuwar mana daga zirin saura guda take tasowa, inda ramukan gafiya suke. Muka kai hoton wurin mai gari, aka kira iyayen yaran, aka kuma sa wannan zirin cikin wuraren da za a ƙone da wuri tun ciyawa na da sauran ɗanye. Kamata ya yi ya riƙa sayar da taswirar a haka, ya daina kiranta gargaɗi.

Ja ma ta yi yawa a shekarar farko. Na ƙirga kwana goma sha ɗaya a jere, har mutane suka daina buɗewa. Bara ya rage, ya keɓe ja ga ranakun iska kaɗai, kuma ta fi shiga kunne. Sannan shi kaɗai ne: da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, zauren shiru. Sabis kuma a garinmu sai a hankali, akwai ranakun da saƙon ƙarfe 6 ke shigowa ƙarfe 10, iska ta riga ta tashi.

Babban abin da ke damuna ya wuce waɗannan duka. Mu da muke cikin zauren, mu ne masu abin da zai ƙone. Waɗanda ke kyasta ashanar ba sa ciki. Yaron da ke bin gafiya ba shi da babbar waya. Makiyayin da ke ƙona tsohuwar ciyawa don toho ya fito wa shanunsa, shi ma yana da dalilinsa, kuma ƙaramar waya yake riƙewa. Matar da ke zubar da tokar murhu a bayan danga ba wanda ya gaya mata yau ja ce. Ni dai abin da na iya shi ne kullum in tsaya wurin mai shayi bayan asuba in haɗa wayata da sifikarsa, duk wanda ke wurin ya ji. Na roƙi yaron ya nemi yadda zai riƙa tura gajeren saƙo ga ƙananan wayoyi, ya kuma sami wanda zai maimaita maganar da Fulatanci da Zabarmanci, domin a Kebbi ba kowa ne Hausa ta fi zama masa a kunne ba. Wani Ardo da nake sayar wa harawa ya ji saƙon a wurin mai shayi, ya ce mini in da Fulatanci ne da ya sa an riƙa kunna wa yaransa kafin su kora shanu. Na isar wa yaron da wannan tun Fabrairu. Ya ce yana nema.

Ga mai tambaya ko ya shiga: in kana da harawa, ko tarin dawa, ko shinkafar da ba a casa ba a fili, ko gonar mangwaro a bakin daji, dubu shida a shekara ba ta kai kuɗin asarar rumfa ɗaya ba ko kusa. Ka shiga saboda saƙon asuba da lambar da za ka kira cikin dare. Kada ka shiga kana zaton tauraro zai tashe ka daga barci, kuma kada ka bar share gefe don kana da waya.

Na biya na Nuwamba tun ranar ɗaya ga wata. Bana mun sa gayya a makon farko na Disamba tun da sauran raɓa, mun kuma ƙara faɗin hanyar zuwa taku goma sha biyar ta gefen arewa maso gabas. Na sayi famfon feshi na biyu wanda ba zai taɓa ganin magani ba, yana rataye a ginshiƙin rumfa ta tsakiya da jarka huɗu a ƙarƙashinsa. Saƙon Fulatancin har yanzu bai fara zuwa ba, kuma Ardo ya sake tambayata ranar kasuwar da ta wuce.